Me Ake Nufi Da “Ciao Bella”, Kuma Wa Ya Dace Ya Faɗe Ta?

Tambaya: Ban daɗe da fara karatu a Italiya ba. Tsohuwar da nake sayen burodi a shagonta takan ce mini “ciao bella” kullum da safe, kuma kwanan nan wani ɗan ajinmu ya rubuto mini haka a saƙon waya. Mene ne ainihin ma'anar wannan magana? Gaisuwa ce ko neman soyayya, kuma yaya ya kamata in amsa?

Amsa: Malama, idan fassara kawai ake nema, “ciao bella” na nufin “sannu, kyakkyawa” ko kuma “sai an jima, kyakkyawa”, domin kalmar farko tana aiki a lokacin haɗuwa, tana kuma aiki a lokacin rabuwa. Sai dai fassarar ba za ta raba ki da damuwarki ba, tunda abin da kike son sani shi ne nufin mai maganar. Baƙi da yawa sukan ɗora hankalinsu kan kalma ta biyu, suna ganin a nan nauyin yake saboda ita ce ta ambaci kyau. A ganina sun ɗauki lamarin a baibai. A kunnen mutumin Italiya, ciao ce ta fi nauyi, domin ita ce ke shelanta cewa akwai sabo tsakanin mutum biyu, kuma da ita ne baƙo ya fi saurin yin kuskuren da zai sa babba ya ga an raina shi.

Ta wajen furuci Bahaushe ya yi sa'a. Harafin c idan ya zo kafin i ko e a Italiyanci, ana furta shi ne kamar yadda muke furta shi a “ciki” ko “cuku”, kuma i ɗin da ke cikin ciao ba a jin sa, aikinsa kawai ya nuna yadda za a furta c ɗin. Saboda haka kalmar tana fita ne kamar “cawo” da sauri, kusan “cau”. Ita kuwa bella, dole a danne l ɗin kamar a “kallo” ko “salla”. Turawan Ingila da na Amurka suna shan wahala da wannan, mu kuwa harshenmu ya saba. Idan aka sassauta aka ce “bela”, an koma wata kalma dabam wadda ke nufin kukan tunkiya.

Ciao ta fito ne daga harshen mutanen birnin Benis, wanda masu shi ke kira Venezia, birnin da ya yi ƙarnoni yana jamhuriya mai cin gashin kanta har zuwa 1797, lokacin da Napoleon na Faransa ya kawo ƙarshenta. A can, idan mutum ya gamu da wanda yake girmamawa yakan ce “s-ciao vostro”, wato “ni bawanku ne”, daidai da “schiavo vostro” a daidaitaccen Italiyanci. Magana ce ta ladabi da ƙanƙan da kai, ba wanda ke ɗaukarta a matsayin bauta ta gaske, kuma wasannin kwaikwayon Carlo Goldoni, marubucin Benis na ƙarni na 18, cike suke da mutane masu gaisawa da “schiavo”. Ita kanta kalmar ta samo asali daga “sclavus” ta harshen Latin na tsakiyar zamani, wadda da farko suna ce ta ƙabilun Slav na gabashin Turai, amma saboda yawan waɗanda aka kama daga cikinsu aka sayar a kasuwannin bayi, sai sunan ƙabilar ya zama sunan bawa gaba ɗaya. Daga wannan tushe ne Turanci da Faransanci da Jamusanci suka sami kalmarsu ta bawa. Maƙwabtan Italiya na arewa ma suna da irin wannan gaisuwa: a Ostiriya da kudancin Jamus har yau ana cewa “servus”, kalmar Latin mai ma'anar bawa ko bara.

Da tafiya ta yi tafiya, sai “vostro” ta faɗi, harafin farko ya bi ta, ma'anar bauta kuma aka manta da ita. Kalmar ta shiga bakin mutanen Milan da kewaye a ƙarni na 19, kuma mafi tsufan rubutun da aka saba kafa hujja da shi na shekarar 1818 ne, abin da ya sa jaridun ƙasar suka yi ta rubutu a kan cikarta shekara 200 a 2018. Amma ba ta game ƙasar ba sai a ƙarni na 20. Dalilin kuwa shi ne, lokacin da aka haɗe Italiya ta zama ƙasa ɗaya a 1861, mafi yawan jama'a karin harshen yankinsu kawai suke ji. Masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa kashi 2.5 cikin ɗari ne kawai ke iya magana da daidaitaccen Italiyanci a lokacin, wasu masana kuma sun kai adadin kusan kashi 10, wanda shi ma kaɗan ne. Aikin soja, da ƙaurar mutanen kudu zuwa masana'antun Milan da Torino, da rediyo, da talabijin wanda ya fara aiki a 1954, su ne suka cakuɗa bakin jama'a, suka kai ciao har Napoli da Sisili. Abin lura a nan shi ne yadda kalmar ta juya: da can ƙarami ne ke faɗa wa babba don ya nuna biyayya, yanzu kuwa ita ce gaisuwar da ƙarami ba ya fara yi wa babba.

Wannan ya kawo mu ga ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci. Italiyanci yana da hanya biyu ta yi wa mutum ɗaya magana. Akwai “tu”, wato kai ko ke, wadda ake amfani da ita ga dangi da abokai da yara da sa'o'i. Akwai kuma “Lei” ta girmamawa, wadda aikinta ya yi kama da yadda muke ce wa dattijo “ku” alhali shi kaɗai ne. A zahirin lafazi Lei na nufin “ita”, amma ana faɗa wa namiji da mace, domin asalinta tana komawa ne ga wata kalmar girmamawa mai jinsin mace, “Signoria”, kamar a ce ana magana da martabar mutum maimakon shi kansa. A kudancin ƙasar tsofaffi da yawa suna amfani da “voi”, wadda ita ce “ku” sak. A 1938 gwamnatin kama-karya ta Mussolini ta yi yunƙurin kawar da Lei daga ofisoshi da makarantu bisa zargin cewa baƙuwa ce, ta tilasta voi, amma dokar ta mutu tare da gwamnatin. To, ciao tana tafiya ne da tu kaɗai. Duk wanda kike ce wa Lei, ba kya ce masa ciao. Kuma al'ada ita ce babba a shekaru ko a matsayi shi ke buɗe ƙofar, ya ce “diamoci del tu”, wato “mu riƙa kiran juna da tu”, daga nan ne ciao ta halatta a tsakaninku.

Saboda haka malamin jami'a, da likita, da mai gidan da kike haya, da jami'in Questura inda ake sabunta takardar izinin zama, duk gaisuwarsu “buongiorno” ce da safe zuwa rana, “buonasera” kuma da yamma. Lokacin da ake sauyawa daga ɗaya zuwa ɗaya ya bambanta daga yanki zuwa yanki: a wasu wurare da an ci abincin rana an koma buonasera, a wasu kuwa sai wajen ƙarfe huɗu ko biyar. Idan za a rabu a ce “arrivederci”, ko “arrivederLa” idan ana son ƙarin ladabi. “Buonanotte” ta kwanciya ce ko rabuwar dare, ba a shiga wuri da ita. Akwai kuma “salve”, daga Latin, mai ma'anar fatan lafiya, wadda ke tsakiya, mutane kan fake da ita idan ba su tabbatar da matsayin wanda ke gabansu ba, ko da yake wasu dattawa suna ganinta gaisuwar ganin dama.

Yanzu ga bella. Siffa ce mai sauyawa bisa jinsi da adadi: bello ga namiji, bella ga mace, belli ga maza ko taron da ya haɗa maza da mata, belle ga mata zalla. Tushenta “bellus” ne na Latin, wanda ke da dangantaka da “bonus”, wato mai kyau ko nagari. (Sunan Bello da muka sani, irin na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, daga Fulatanci yake, kama ce kawai ta lafazi, amma mai wannan suna idan ya je Italiya zai sha murmushi duk inda ya gabatar da kansa.) Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, wannan siffa ta yi yawo a bakin mutanen Italiya har kaifinta ya ragu. Rana mai daɗi “bella giornata” ce, shawara mai kyau “bella idea” ce, labari mai faranta rai ana tarbarsa da “che bello!”. Idan aka ce wata “una bella persona” ce, halinta ake yabo, ba fuskarta ba. Har gatse ake yi da ita, domin “un bel problema” babbar matsala ce. Akwai kuma “fare bella figura”, wato mutum ya fita kunya a idon jama'a ta wajen shiga da magana da kyauta, abin da suke ba muhimmanci ƙwarai, kishiyarsa kuma “brutta figura”, wato abin kunya.

Idan aka liƙa ta a bayan gaisuwa, sau da yawa bella ta daina zama hukunci kan surar mutum, ta koma sunan kira na ƙauna. Ƙawaye mata suna ce wa juna ciao bella dare da rana. Abokai maza suna ce wa juna “ciao bello” ba tare da kowa ya kawo wani tunani ba. Wanda ya iske taron abokai yakan ce “ciao belli”. Masu sayar da kayan miya a kasuwannin Roma da Napoli sukan tarbi mai saye da “dimmi, bella”, wato “faɗa mini abin da kike so”, ko da mai sayen ta haura shekara saba'in. Kaka a Roma tana kiran jikarta “bella de nonna”, kyakkyawar kaka. Matasan Roma da Milan ma sun mayar da “bella!” ita kaɗai gaisuwa, suna faɗa wa abokansu maza, kamar a “bella zio”, inda zio, wato kawu ko baffa, ke nufin aboki kawai. A nan ba ruwan kalmar da jinsi balle kyau.

Da wannan, batun tsohuwa mai burodi ya warware. Ta ɗauke ki kamar 'yarta ko jikarta, kuma shekarunta sun ba ta damar ce miki ciao da bella, har ma “cara” ko “tesoro”, wato abar ƙauna ko dukiya, waɗanda mata masu shago ke yawan faɗa wa abokan cinikinsu. Alama ce ta cewa kin zama 'yar gida a unguwar. Amma damar ba ta tafiya ta ɓangare biyu daidai. Ita ta ce miki ciao, ke ki ce mata “buongiorno, signora”, babu wanda zai ga rashin daidaito a ciki, hasali ma za a yaba tarbiyyarki. In ta gaji da hakan, da bakinta za ta ce ki daina ce mata Lei.

Na ɗan ajinku shi ne mai buƙatar lura, kuma ba zan yanke masa hukunci daga kalma biyu ba. A tsakanin ɗalibai tu da ciao su ne ƙa'ida tun ranar farko, saboda haka ciao ɗinsa ba ta nuna komai. Bella ɗin kuwa tana iya zama ta sabo, tana iya zama gwajin ruwa. Hanya mafi sauƙi ita ce ki lura ko haka yake ce wa sauran matan ajin, kuma ko yana faɗa a gaban jama'a kamar yadda yake rubutawa a keɓe. Idan saƙon ya ci gaba da tambayar lokacin lacca ko neman aron littafi, gaisuwa ce. Akwai kuma bambanci a ginin jimla wanda ya fi komai fayyace nufi. Bella a bayan ciao kira ne. Amma idan mutum ya gina jimla a kanki, ya ce “sei bellissima”, wato “ke kyakkyawa ce ƙwarai”, ko “come sei bella”, “kai, kina da kyau”, ko ya fara yabon idanu da murmushi, to wannan yabo ne na gaske da aka nufa gare ki, kuma daga namiji zuwa mace yawanci yana ɗauke da sha'awa. Haka nan kada ki firgita idan aboki ko ƙawa suka rufe saƙo da “un abbraccio” ko “baci”, runguma da sumba, domin rufe saƙo ne na yau da kullum tsakanin waɗanda suka saba. Har “ti voglio bene”, wadda ake fassarawa da “ina ƙaunarki”, ana faɗa wa iyaye da 'yan'uwa da aminai. Ta masoya ita ce “ti amo”.

Inda maganar ke canza launi gaba ɗaya shi ne idan ta fito daga bakin namijin da ba ki sani ba, a kan titi ko a tashar jirgi ko daga tagar mota. Laifin a nan ya fara ne daga ciao, domin ya yi da'awar sabon da babu shi, sa'annan bella ta koma ma'anarta ta zahiri, ta zama hukunci kan jikin mace daga wanda ba a tambaya ba. Fina-finai da tallace-tallacen yawon buɗe ido sun daɗe suna nuna wannan a matsayin wata fara'a ta mazan Italiya, amma matan ƙasar da yawa, musamman matasa, suna ɗaukarsa tsangwama, kuma an yi muhawara mai zafi a kansa a kafafen watsa labaransu a 2021. Kalma biyun su kaɗai ba laifi ba ne a shari'a, sai dai sashe na 660 na dokar laifuffukan ƙasar ya tanadi ɗaurin da zai iya kai wata shida ko tarar da za ta iya kai yuro 516 ga wanda ya dami wani a bainar jama'a ko ta waya. A irin wannan hali ba a bin ki bashin amsa, kuma shiru da ci gaba da tafiya shi ne abin da matan wurin suka fi yi. A wurin aiki ma akwai irin wannan matsala a sigar da ta fi laushi: Italiya ƙasa ce mai son laƙabi, duk mai digiri “dottore” ne ko “dottoressa”, lauya “avvocato”, injiniya “ingegnere”, saboda haka idan a taro ana kiran maza da laƙabinsu ana ce wa mace bella, an rage mata matsayi ne ko da mai faɗar bai nufa ba. Maza masu karanta wannan amsa su ɗauka daga nan cewa ba a gwada wannan gaisuwa a kan macen da ba a saba da ita ba.

Wani ruɗani da ya yawaita a 'yan shekarun nan shi ne haɗa “ciao bella” da “Bella ciao”. Ta biyun sunan waƙa ce da ake dangantawa da mayaƙan sa-kai da suka yaƙi sojojin Jamus da 'yan Fasist, magoya bayan Mussolini, tsakanin 1943 da 1945, kuma a cikinta ciao ta bankwana ce, mai tafiya yaƙi ke sallama da masoyiyarsa. Masana tarihi sun nuna cewa shahararta ta fi ƙarfi bayan yaƙin, musamman daga shekarun 1960, kuma har yau ana rera ta kowace ranar 25 ga Afrilu, ranar tunawa da 'yantar da ƙasar. Wani shirin talabijin na ƙasar Sifaniya da ya fara fita a 2017, La Casa de Papel, shi ne ya kai ta kunnen matasan duniya, da yawansu ba su san tarihinta ba. A Italiya waƙar tana da launin siyasa, masu ra'ayin hagu sun riƙe ta, wasu na dama kuma ba sa son jin ta, don haka ba abin da ake rerawa don wasa a kowane taro ba ne.

Ita ciao ta daɗe da ƙetare iyaka. Miliyoyin 'yan Italiya da suka yi ƙaura zuwa Kudancin Amurka daga ƙarshen ƙarni na 19 sun bar “chau” a Ajantina da “tchau” a Brazil, Jamusawa suna cewa “tschau”, kuma ana jin ta a Eritiriya da Habasha da Somaliya, inda Italiya ta yi mulkin mallaka ko mamaya. A yawancin waɗannan wurare bankwana kawai take nufi, shi ya sa wanda ya koye ta a waje yakan yi mamakin jin ana tarbarsa da ita a Roma.

Game da amsa kuwa, ciao ana mayar da ita da ciao. Idan ƙawa ce ta ce miki ciao bella, ki mayar mata da irinta ko ki ce “ciao cara”. Ba a cewa “grazie”, wato na gode, domin yin haka ya nuna kin ɗauki kiran a matsayin yabo. Godiya sai ga yabo na gaske, inda “grazie, molto gentile” ta isa ta rufe zancen cikin mutunci. Ga ɗan ajinku, ki rubuta ciao da sunansa kawai, ki wuce ga abin da ya kawo shi. Idan kika mayar masa da “ciao bello”, kin amince da wannan matakin na sabo, kuma yana iya karanta shi fiye da yadda kike nufi. In kuwa kiran bai kwanta miki ba, ki ce masa “preferisco che mi chiami per nome”, wato “na fi son ka kira ni da sunana”, jimla ce mai ladabi wadda mai hankali ba zai ji haushinta ba. Ki kuma sani cewa ciao tsakanin waɗanda suka saba takan zo da sumbar kunci biyu, har tsakanin namiji da mace. Idan addininki ko al'adarki ba su yarda da haka ba, ki riga shi da murmushi da ɗora hannu a ƙirji, yawancin mutane suna ganewa nan take. A rubuce kuma, saƙo zuwa ga malamin jami'a yana farawa da “Gentile professore” ko “Gentile professoressa”, ya ƙare da “Cordiali saluti” da cikakken sunanki, ko da kuwa malamin yana da sakin fuska a aji.